Kwanar Gindin Randa

A buhun gwanjo na same su,
Tsohuwar Kasuwa, wata Laraba da la'asar:
ƙananan tubalan roba masu ƙuraje a ka,
ja da baƙi da ruwan ɗorawa,
cakuɗe da kan 'yar tsana da takalmi wari guda.
Mai kayan ya auna mini da kwano kamar gero,
ya ce in ƙara ɗari biyu in kwashe har da layin dogon.

Dare goma sha ɗaya ina harhaɗawa bayan isha'i,
ba takardar bayani, sai lalube.
Tumba na ware mini masu ido huɗu daga masu ido shida,
tana jera su a faifan uwarta.
Wanda duk ya ɓace, tafin ƙafata ke tsintar sa da asuba,
in haɗiye ashar,
in wuce masallaci ina ɗingishi.

Kan jirgi ya tashi, da tarago uku.
Tubali ya ƙare kafin rufin na ƙarshe,
muka ce na awaki ne, su sha iska.

Muka shimfiɗa layi a simintin ɗaki,
daga bakin ƙofa ya kewaye gindin randa,
ya ratsa ƙarƙashin keken ɗinkina ya komo.
Batir shida. Ya yi gurnani, ya ja jiki,
ya miƙe kamar mai sammakon kasuwar Achida.
Yana isa kwanar randa
sai ga shi a rigingine,
tayoyi na ta juyi a iska, ba inda za su.

Na ce batir ne, na sake.
Na ce nauyi ne, na kwance taragon awaki.
Da bakin allura na zaro silin gashi
da ya nannaɗe a gindin taya.
Zafin Mabera ya saki robar ƙafa,
na maye ta da robar ɗaurin kuɗi,
na ɗiga man keke, na hura, na yi bisimilla.
Ina!
Kwanar nan dai yake kwanciya,
kamar jakin da ya san inda ake sauke masa kaya.

Baba Maccido na kan buzunsa a kusurwa.
Shekara talatin ya yi yana juya layi a tashar Ƙaura,
can inda dogo ya tsaya bai ƙaraso mu ba.
Yanzu yanar ido ta ja masa labule,
na ɗauka gyangyaɗi yake.

"Sake shi in jiya," in ji shi.
Na sake. Ya karkato kunne, carbi ya tsaya a yatsa.
Ƙit-ƙit, ƙit-ƙit, ƙit-ƙit, tim.

"Jabbi, ba jirgin ad da laihi ba.
Ƙasa ta.
Ɗaga bayan kwanar kaɗan, shi jingina ciki.
Ba ka ganin mai keke in za shi sha kwana?"

Tumba ta kawo tsohon katin waya,
muka ninka shi biyu,
muka cusa ƙarƙashin layin waje.

Ya taho. Na riƙe numfashi.
Ya kwanto kaɗan wajen randa kamar mai gaishe ta,
ya wuce.
Ya wuce, har da taragon awaki!
Tumba ta buga tsalle, saura kaɗan ta taka tasha.

Tsohon ya shimfiɗa tafinsa a siminti
yana jin rawar da ke zuwa, tana tafiya, tana dawowa.
Sau bakwai na ƙirga bai ɗaga hannu ba.

"Ƙarhe nawa?"
Na ce tara da kwata.
"To rubuta," in ji shi,
"ya iso Sakkwato.
A makare, amma ya iso."

Ban sami takarda ba.
Da allin ɗinki na rubuta a cikin randa,
raɓarta na cin haruffan tun ban kai ƙarshe ba.