Raƙuman Ruwa

A Mai Wurno, bayan la'asar, tsakiyar damina,
kogi ya sauko daga duwatsun Habasha ja wur,
da laka, da kututture, da mushen tunkiyar wani.
Ina ɗinkin koma a gindin gawo
sai jikata Ihsan ta dafa mini gwiwa:
“Kaka, malamarmu ta ce mauj, farin kansa kuma zabad.
Kai me ya sa kake ce musu raƙuma?”

Na ajiye basilla. Na ce, duba can.
Ga tozo ya taso, ga wani a bayansa,
ayari ne da ba madugu, ba akala,
ba wanda ya san zangon da za su kwana.
Kin taɓa ganin amale ya fusata a kasuwar Sinnar,
yana gunji, kumfa na zuba a leɓensa?
To ga ta nan, ita ce farar da kike gani.

Kakanninmu da ƙafa suka zo daga yamma.
Sun san raƙumi tun ba su ga babban ruwa ba,
da suka gani, sai suka kira shi da sunan da ke bakinsu.

Na ga na gishiri a Sawakin, shekarar da na je hajji,
farare tas, dogaye, sun fi waɗannan kyau.
Amma waɗannan jajayen na fi sani.
Su suka ɗauki ƙanena Hambali da jirginsa,
ba wanda ya ɗora musu, ba wanda ya biya lada.
Kwana uku muna bin gaɓa.
Filafilinsa kawai suka sauke mana
a cikin ciyawa, wajen gonar albasa.

Ta yi shiru. Ta sauka bakin ruwa,
inda suke zuwa su gurfana ɗaya bayan ɗaya,
ta kamfato kumfar da hannu biyu
ta rugo ta nuna mini.
Kafin ta iso ba komai,
sai jiƙaƙƙen tafi da ɗan tsinken kara.

“Wannan ƙaramar fa, mai zuwa a hankali?”
Na ce taguwa ce, ita ma kar ki yarda da ita.

Ladan ya gyara murya.
Na ce kama igiyar nan, mu ƙara jan jirgi sama,
yau da dare ayarin zai ƙaru.