Talata, Saman Gidan Burodi

Shekara talatin da ɗaya ina walda
a maƙerar jiragen ruwa ta Gdansk.
Na san yadda ƙarfe ke lanƙwasa:
wuta, haƙuri, guduma.
Ni ne ban san ta inda ake lanƙwasa ni ba.

Likita ya ce, "Ziemowit, bayanka ya gaji da kai."
'Yata Bogna ta sa sunana a ajin rawar bale,
ko shawara babu,
ta sayo min takalmi baƙi
mai laushi kamar kunnen zomo.
Kwana uku ya yi a aljihun kwat.

Matakala ashirin da biyu, na ƙirga,
a kan kowace ina neman dalilin juyawa.
Mu tara ne.
Akwai tagwaye masu karatun lauya,
da tsohuwa Jadwiga, da ta jingine sandarta a bakin ƙofa
kamar mai ajiye laima.

Madubi daga bango har bango.
Tumbina ya riga ni gaisawa.

Malama Halszka ba ta kai kafaɗata ba.
"Haɗa dugadugai, yatsu su kalli waje."
Ƙafafuna suka ce ba da su aka yi wannan magana ba.
Ta ce, "Pliye."
Wai a sauka a hankali
kamar mai kwantar da jariri.
Gwiwata ta ce ƙas!
Mai fiyano ya ɗago kai.

Na damƙi sandar bango kamar zan tumɓuke ta.
Malama ta zo ta ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya.
"Ba gudu za ta yi ba.
Ɗora hannu kawai."

Na ɗora.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
A na bakwai, ko na takwas, ban tantance ba,
wani abu tsakanin kafaɗuna ya saki,
abin da nake dako tun ban yi furfura ba.
Bai jima ba.
Ƙirga ta ɓace min, na taka Jadwiga.
Ta ce, "Makona na shida ke nan.
Sai dai ni kaina nake takawa."

Na sauko dusar ƙanƙara na zuba,
cinyoyina na wata rawa
da babu wanda ya koya musu.
Tashar bas ba kowa.
Na duba hagu, na duba dama,
na haɗa dugadugai
cikin manyan takalman aiki.