Kwana Uku Kafin Ya Kama

Señora Leontina ta faɗa tun muna kan matakala,
kafin ma ta miƙo makulli:
ba guduma a gidana, ba ƙusa, ba huda.
Tayil ɗin nan mijina ya jera shi da hannunsa
shekarar da aka haifi autarmu.

Babana ya ji, bai ce uffan ba.
Eliodoro Quilodrán, kafinta,
shekara arba'in da ɗaya yana gyaran kwalekwale a gaɓar Valparaíso,
mutumin da ya saba magana da ƙusa uku a leɓe,
yau ga shi a ɗakin haya, hawa na uku,
rungume da madubin mahaifiyata
kamar wanda aka bar wa jinjiri aka tafi unguwa.

Sai na sayo tef.
Naɗi guda, ruwan toka, kaurinsa bai kai na kwabo ba,
soso ne na akirilik, danƙo ciki da waje,
an rufe bayansa da jar leda.
Ya karɓa, ya latsa da babban yatsa, ya sansana.
Wannan ai cingam ne, Ximena.
Da cingam za ki riƙe fuskar uwarki?

Na goge bangon da sifirit har tsumma ya fara kuka,
don mai shago ya ce maiƙon yatsa ɗaya
ya isa ya shiga tsakani.
Na yanka layi biyar, na jera su a tsaye a bayan madubi,
na ɓare jar ledar, ta zube ƙasa kamar ɓawon albasa.
Muka ɗaga tare.
Danna, Baba. Da ƙarfi. Ƙirga har talatin.

Ya danna.
Na ga jijiyar hannunsa ta miƙe,
na ga fuskarsa dab da fuskarsa,
numfashinsa na rufe gilashin yana buɗewa.
A wajen sha tara ya manta lissafi, ya koma farko.

Ya saki. Madubi ya tsaya.
Amma an gargaɗe ni kada in yarda da tsayuwar ranar farko.
Abin tafiya yake a hankali,
yana malala cikin ramukan da ido ba ya gani,
sai ya kwana uku yake gama kamawa.
Baba ya tokare shi da katako,
ya ninka bargo ya shimfiɗa a ƙasa, ko da tsautsayi,
ya jawo kujera.
Dare uku nan ya kwana a zaune,
yana gadin abin da bai yarda da shi ba.

Cikin sanyin watan takwas ƙasa ta motsa,
da asuba, irin yadda ta saba yi mana.
Kofuna suka yi ta kaɗa haƙora a kabad.
Agogon maƙwabci ya sauko tare da ƙusarsa, mun ji.
Na fito a guje ba takalmi,
na same shi tsaye a falo da singileti,
tafin hannunsa kusa da madubin,
kusa sosai,
bai taɓa ba.

Bango ya je, ya dawo.
Madubi ya bi shi, ya dawo.

Da gari ya waye yana hura shayi ya ce,
ita ƙusa tsayawa take, ta ce sai dai a karya ta.
Wannan kuwa yana ɗan ba da kai, sannan...

Bai ƙarasa ba.
Ya kalli madubin ta inda ta saba tsayawa ta ɗaure gashi,
ya share wani tabo da gwiwar hannu.

Ragowar naɗin ban sake ganinsa a aljihun tebur ba.
Sai ranar Lahadi, ina neman almakashi,
na buɗe akwatin aikinsa mai warin man injin:
ga shi nan a gidan 'yan inci biyu,
ya kwashe ƙusoshin ya ba shi wuri.

Har yau dai cingam yake ce masa.