Nama Biyu a Kejetiya

Shekara sha tara ina fawa a Kejetiya,
teburina jingine da na Afrakoma.
Ni da wuƙa da ƙudaje,
ita da farantin naman kaza
da aka tono a gindin suri bayan ruwan asuba.
Kullum sai na tsokane ta:
wa ya yanka miki wannan ganye, wa ya yi bisimilla?
Ta ja tsaki, ta kore ni da mafici.

Ran Laraba Sahura ta sauko daga jami'a,
jaka a kafaɗa, yunwa a ido.
Ta ɗauki guda, ta juya shi kamar 'yar laima,
ta ce, Baba, wannan ba ganye ba ne.
Ganye rana yake ci, yana tsaye ya ƙoshi da haske.
Wannan ko ka shanya shi wata guda
bai san yadda ake girka rana ba.
Sai ya nemi abin wani, kamar kai, kamar akuya.
Kai ka haɗiye sannan ka narkar,
shi ya narkar a waje sannan ya tsotse.
Iskar da kake shaƙa ita yake shaƙa.
Guzurin da yake ɓoyewa don ranar babu,
irinsa ne a hantar nan ta gabanka.
Abin da aka yi masa bango da shi kuwa,
je ka duba ɓawon fara, duba na ƙaguwa.

Na ce, to makeron da ya cinye min ƙeya bara,
shi ma dangi ne?
Ta ce shi ya sa maganinsu sai an auna,
dukan da zai kashe shi yana iya shafar ka.
Ɗan'uwa ai rabin jiki.

Afrakoma ba ta kama rabin zancen ba,
fuskata ta gani, ta kwashe da dariya.

Na dubi hanta, na dubi faranti.
Wanda ya fara ce masa nama
bai taɓa leƙa madubin likita ba.
Harshensa ya ɗanɗana, ya faɗi abin da ya ji.

Da yamma na sayi na sidi goma,
ban nemi ragi ba.
A motar Aboabo na riƙe ƙunshin a cinya,
da sanyinsa, da ƙamshin ƙasa,
na sassauta bakin ledar kaɗan,
don Sahura ta ce har yanzu yana numfashi.