Furanni a Kakatare

Wardin da na sa a kawo min daga Yawunde
ya kwana a jirgin ƙasa, ya yini a saman mota,
ya iso Marwa kansa a sunkuye
kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.
Na buɗe kwalin. Na rufe.
Jaka goma sha biyu, ni Asta!

Ƙarfe huɗu za a ɗauki hoto.
Sali ya ce a gama kafin inuwar dalbejiya ta hau katanga,
in ta hau, shi ba ruwansa.

Sai na ɗauki almakashi na bi lungu.
Kariya na nan bayan masallaci, ba ganye ko ɗaya,
fure kawai, ja da fari,
ita da ba ta taɓa roƙon kowa ruwa ba.
Na yanki bakwai.
A gidan maƙera na samo furen lalle,
wata mai ƙosai ta ba ni zoɓo busasshe,
yaronta ya ƙara da auduga uku da zangarniyar gero.
Na ɗaure da kaba,
na rufa wa kabar asiri da ƙyallen atamfar biki.

Jaratu ta ce, "Wannan fa?"
Na ce, "Shinshina tukuna."
Ta shinshina. Ba ta sake magana ba.

Ƙofar Goggo Dudu muka zaɓa,
itacen kirya, ƙusoshi kamar kan albasa,
bangon jar ƙasa da sawun yatsun magini
wanda jikokinsa ma sun yi furfura.
Yawuba ya ƙi jingina, yana tsoron rigarsa.
Goggo ta leƙo da buta a hannu:
"Bangon nan ya riƙe mutanen da suka fi ka nauyi."
Ya jingina.

Ta karɓi damin, ta juya shi,
ta zare lallen daga tsakiya ta mai da shi gefe,
kusa da wuyan amarya.
Shekara shida ina wannan sana'a,
na tsaya ina kallo kamar 'yar koyo.

Sali na ƙirga ɗaya, biyu,
akuya ta ɓullo ta ƙarƙashin hannun ango
ta fizge geron.
Ni kariyar nake wa ihu, guba ce,
Jaratu kuwa dariya har kwalli ya zubo,
hular Yawuba ta karkace,
damin ya koma gefe guda.

Wannan hoton suka ce a wanke babba.

Da magariba na tarar biyu daga cikin wardin
sun ɗaga kai a bokiti.
Na kai wa Goggo.
Ta shinshina, ta ce ba ƙamshi,
amma ta sa su a kwalbar man gyaɗa
ta ajiye a bakin taga.