Yatsan Tsakiya

A saman bene, titin Gidan Zu,
ɗakin da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai,
Lawandi ya ce in ajiye makullin adaidaita
in wanke hannu, fiyanonsa ba ya son baƙin mai.

Wata uku ina danna farare zalla,
kiɗan biki, irin wanda ake wa liƙi.
Yatsu uku, in ji shi, duwatsun murhu ne:
babba, na tsakiya, ɗan auta.
Tsallake ɗaya, ka sake tsallake ɗaya,
tukunya ta zauna daram.

Ran Talata aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
Ya ce, "Yau kada ka motsa kowa
sai na tsakiya. Ja shi baya,
rabin taki, ya hau baƙin nan."

Na danna.

Fanka tana juyawa kamar ɗazu,
mai rake a ƙasa yana cigiyar canji,
amma wani abu ya karkace a ƙirjina
yadda tukunya kan yi
in dutse ɗaya ya nutse a toka.

"Maina ke nan," in ji Lawandi yana ɓare gyaɗa.
"Mutane na cewa baƙin ciki ne. Ƙarya suke.
Faɗi kuka ta miya. To, faɗi kuka na ido.
Faɗi wuya mai ɗaukar kai,
faɗi wuya mai sunkuyar da shi.
Ka canja harafi?
Tun kana goye bakinka ke wannan kiɗa,
yatsunka ne ba su samu labari ba."

Na sake dannawa, a hankali,
sai ga muryar Inna, shekarar da rumfarmu ta ƙone,
tana tsintar tsakuwa a shinkafa,
maƙwabta na shigowa jaje,
ita kuwa, "Lafiya lau. Babu komai."
Kalmomin a tsaye suke kamar kullum,
na tsakiyar ne ya ja baya
rabin taki.
Ina ɗan shekara tara na ji shi
ban san yana da suna ba.

Lawandi ya ce in mayar da yatsan gidansa.
Na mayar. Haske ya dawo,
sai dai yanzu na san abin da ke maƙwabtaka da shi,
katanga ɗaya ce tsakani.

Bayan isha'i na ɗauki wata mata a Ɗangi.
Na ce, ya gida?
Ta ce, alhamdulillahi.
Na rage rediyo.
Har Sharaɗa ban bi ta rami ko ɗaya ba,
yatsana na tsakiya a kan sitiyari
yana ta neman baƙin nan.