Keji Na Goma Sha Bakwai

A Wad Madani, bayan ɗakin binciken jami'a,
akwai wani ɗaki marar taga.
Makullinsa na wuyana.
Kakana ya baro Haɗeja da niyyar Makka,
ya tsaya shan ruwa a Mai Wurno, ruwan ya riƙe masa ƙafa.
Ga jikansa yau yana kiwon
abin da kaka yake ɗana wa tarko.

Farare ne, masu jan ido.
Ba su san rumbu ba, ba su san kyanwa ba,
ba su taɓa satar daddawar kowa ba.
Keji arba'in, garin katako, kwalbar ruwa,
da littafin da nake rubuta haihuwa.

Da Mayu ya kama, wuta ta fara wasan ɓuya.
Na'urar sanyi ta yi tari sau biyu, ta cika.
Ma'aunin bango ya haura talatin da biyar,
suka baje ciki kamar tsumman da aka yar.
Kwana ashirin ne cikinsu.
Na ƙirga ashirin, na sake ƙirga ashirin,
shafin yana kallona fari fat.

Dakta Ihlas ta leƙo, gilashi a goshi:
"Ilu, ina 'ya'yan?
Yaran da ke wanka a magudanan Jazira
suna fitsarin jini.
Maganin tsargiya ba ya jiran ɓera ta ga dama."
Na ce to.
Me zan ce?

Ta keji na goma sha bakwai ce kaɗai ta haihu.
Bakwai, jajaye, kamar gyaɗar da aka ɓare.
Na ɗaga murfi na ƙirga, na sake ɗagawa na ƙirga.
Da asuba babu ko ɗaya,
sai ɗigon jini, da uwa a lungu tana lasar hannu.
Na zage ta.
Sannan na jingina da bangon,
na ji janareta yana kaɗa shi har cikin haƙorana.

Ranar na janye kantar daga wannan bango.
Na jiƙa buhunan algarara na rataya a ƙofa,
na girke randa biyu suna gumi a tsakar ɗaki.
Fitila ta koyi lokaci:
a kashe da magariba, a kunna bayan asuba.
Na kawo audugar gonarmu don sheƙa,
sai zare ya naɗe ƙafar wani jariri, ta bushe.
Laifina ne. Na rubuta shi.
Na koma yayyaga tsoffin takardun jarrabawa,
na kifa wa kowace uwa sakaina
don ta samu inda idona ba ya kaiwa.
Mafi wuya, na hana hannuna murfi.

Kwana biyar ina jin tsiwa siririya
daga ƙarƙashin amsoshin ɗalibai.
Ban duba ba.
Ran na shida ta fito shan ruwa, nonuwa a ja,
a bayanta tara, sun fara gashi.

Na san inda za su.
Wata biyu, a ba su lamba, a kai su teburin Dakta.
Amma yau suna barci ɗaya bisa ɗaya,
kuma na rubuta tara da babban baƙi.

Da yamma na hau keke zuwa gida.
Ɗaki ɗaya, rufin kwano,
makeri yana dukan ƙarfe a bayan bangon gado.
Barira na kwance, wata bakwai,
na uku kenan, biyun farko ba su zauna ba.
Ta ce, "Me kake nema a lungu?"
Na ce, "Buhu.
Tashi kaɗan in ja gadon nan."